Daga Zango Zuwa Teburin Mai Shayi: Tarihin Cin Abincin Baƙi a Unguwar Kanawa, Kaduna

Gabatarwa

Masu rubuta tarihin Kaduna sun fi mai da hankali ga gwamnoni da majalisu da juyin mulki. Ba safai ake tambayar abin da mutanen da suka gina garin suka ci ba, ko wanda ya dafa musu, ko inda suka zauna suka ci. Alhali kuwa tambaya ce mai nauyi, domin Kaduna gari ne da aka kafa da baƙi, shi kuwa baƙo tun kafin ya sami ɗakin kwana yake neman inda zai sa wani abu a bakinsa. Wannan lacca za ta bi tarihin cin abinci a waje, watau a otal-otal da rumfuna da tebura na bakin hanya, ta ɗauki Unguwar Kanawa a matsayin wurin da za a tsaya a duba. Abin da za ta nuna shi ne, abincin ƙasashen duniya ya shigo Kaduna ta ƙofa biyu, ta manya da ta talakawa, kuma wanda ya zauna ya yi saiwa shi ne wanda ya sauko daidai aljihun lebura.

Abin da Kanawa Suka Zo da Shi

Unguwar Kanawa tana arewacin Kogin Kaduna, a kan hanyar da ta fito daga tsakiyar gari ta nufi Kawo da Zariya. Tana kusa da Unguwar Shanu da Abakwa da Unguwar Sarki da Badarawa, tana kuma maƙwabtaka da tsohon mazaunin makarantar horon hafsoshin soja. Sunanta ya faɗi asalinta: mutanen Kano ne suka yi yawa a wurin har aka san shi da su. Saboda haka ya kamata a fara da duba irin abincin da suka sani tun daga gida.

Kano ta daɗe da sanin abincin nesa, kuma harshen Hausa kansa shaida ne. Alkama da albasa da alkaki da alkubus da gurasa duk sunaye ne da suka fito daga Larabci, sakamakon daɗewar hulɗa da Larabawan arewacin Afirka waɗanda ayarinsu ke ratso hamada daga Tarabulus da Gadamas. Bature Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya rubuta cewa ya ga abincin alkama iri uku ana sayarwa a kasuwar birnin, ya kuma ga masu tsire sun kewaye wuta da tsinkayen nama. Haka nan masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir, dukansu asalinsu nahiyar Amurka ne, ba su iso Afirka ba sai bayan shekarar 1500. A yau ba wanda zai kira ƙuli-ƙuli ko yaji abincin baƙi. Wannan ita ce ƙa'idar da za a sake gani a Kaduna: abin da ya daɗe a tukunyar Bahaushe yakan manta da garinsu.

Sai dai akwai al'adar da ta yi wa cin abinci iyaka. A ƙasar Hausa ta dā, magidanci a gidansa yake ci, ko a zaure tare da maƙwabta, kowa ya fito da akushinsa a yi ciyayya. Abin kunya ne a ga dattijo mai iyali yana cin tuwo a bainar jama'a, don za a ce ko dai kwaɗayi ya yi masa yawa, ko kuwa gidansa ba lafiya. Ana sayen abinci, domin matan aure suna dafa waina da ƙosai da ɗanwake su ba yara talla, amma a gida ake ci. Wanda aka yi wa uzuri shi ne matafiyi. Fatake suna tafiya da guzurin kilishi da gumba, in sun sauka a zango su sayi fura da tuwo, ko kuwa fatoma ya ciyar da su. Watau cin abinci a waje alama ce ta wanda ba ya gida.

Garin Gwauraye

Kaduna ta mai da kowa matafiyi. Kafin zuwan Turawa, ƙauyukan Gbagyi ne a warwatse a wannan yanki. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Baro ta ƙetare Kogin Kaduna ta isa Kano a 1911. Gwamna Lugga ya zaɓi wurin ya zama sabuwar hedikwatar Arewa, aka fara kwaso sojoji daga Zungeru wajen 1913, sa'an nan ofisoshin gwamnati suka biyo baya a 1917. A 1927 layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Kafanchan, ya haɗu da na Ikko a Kaduna. Daga nan garin ya zama mahaɗa.

Waɗanda suka cika shi sojoji ne da leburori da magina da akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan ci-rani. Yawancinsu maza ne, ko dai ba su yi aure ba, ko sun baro iyali a gida. Sunayen wurare sun nuna inda suka fito. Akwai Unguwar Kanawa da Tudun Nupawa, a tsakiyar gari kuma akwai titunan da aka sa wa sunayen Ikko da Badun da Abekuta da Binin da Warri. Mutumin da ke fita aiki da asuba, ana biyansa albashi a ƙarshen wata, ba shi da rumbu ba shi da mai dafa masa, dole ya sayi dafaffe, tun da da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ta haka sana'ar tuwo-tuwo ta kafu a gefen bariki da tasha da wuraren gini, kunyar cin abinci a waje kuma ta fara raguwa, domin ba wanda ya san uban wani balle ya yi masa gori.

A waɗannan rumfuna ne abincin sassan Nijeriya ya fara haɗuwa. Matan Yarabawa suka zo da amala da alale da miya mai jan manja, Ibo suka zo da garin rogo da miyar agushi, Nufawa da shinkafa da kifi, Gbagyi kuwa suna kawo doya daga gonakinsu. Bakanon da ya tashi bai san wani abin dare ba sai tuwon dawa da miyar kuka, a Kaduna ya koyi cin teba da sakwara. Shi ma ya koya wa wasu cin tsire da gurasa da fura. Unguwar Kanawa da Abakwa da Unguwar Shanu sun sami rabo babba a wannan cakuɗa saboda kusancinsu da bariki, domin soja ana ɗaukarsa daga kowace kusurwa ta ƙasa, kuma kasuwar mami da ke kowane bariki tana dafa wa kowa irin nasa.

Ƙofar Manya

Turawan mulki sun zo da nasu abincin, amma sun killace shi. Dokar tsarin garuruwa ta 1917 ta raba mazauninsu da na 'yan ƙasa, ƙa'idar Lugga kuma ita ce a bar fili na yadi 440 a tsakani ba gini. Kulob ɗinsu bai fara karɓar 'yan ƙasa ba sai dab da ƙarshen mulkinsu. Wanda ya riƙa ƙetare wannan fili kullum shi ne kuku da boyi. Su suka koyi gasa burodi da kek, da soya ƙwai, da haɗa ganye ɗanye a faranti, suka fito da wannan sani cikin unguwanni. Kalmomin da suka shigo Hausa a wannan zamani sun riƙe tarihin: kicin, tebur, bota, biskit, kabeji, karas, latas, salak. Dankalin Turawa ya sami gindin zama a tsaunukan Jos, masu lambu a bakin Kogin Kaduna kuma suka shiga noman kabeji da latas don kasuwar da ta buɗe.

Bayan Kaduna ta zama mazaunin gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, sai wasu irin baƙi suka shigo. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, kudancin kogi, a 1957, tare da wani kamfanin Ingila. A tsakiyar shekarun 1960 aka sami United Nigerian Textiles, wadda attajirin Hong Kong Cha Chi Ming ya kafa, da Arewa Textiles wadda kamfanonin Japan ke da hannu a ciki. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fara harhaɗa motoci a 1975, an kuma buɗe matatar mai, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina, a 1980. A gefen Unguwar Kanawa kanta, makarantar horon hafsoshi da aka kafa a 1964 ta fara ne a hannun hafsoshin Indiya, shugabanta na farko shi ne Birgediya M. R. Varma. Ga kuma Kwarori, watau mutanen Lebanon da Sham, da Indiyawa da Girkawa masu kantuna irin su Leventis.

Waɗannan mutane, da manyan ma'aikatan gwamnati da suka yi karatu a Ingila, su ne suka buɗe kasuwar abincin otal. Otal ɗin Hamdala ya fara aiki a farkon shekarun 1960. An gina otal ɗin Durbar don hawan daba na bikin FESTAC a 1977. Gidan abincin Sin mai suna Arewa Chinese ya yi suna a kan titin Ahmadu Bello, gidajen abincin Kwarori kuma suka riƙa sayar da gasasshen nama da burodinsu mai faɗi. Ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a 1975, ya sa ƙaramin ma'aikaci ma ya iya leƙa irin waɗannan wurare a ƙarshen wata.

Duk da haka wannan ƙofa ba ta taɓa yin faɗi ba, kuma dalilan a fili suke. Na farko tsada. Na biyu, yawancin wuraren suna sayar da giya, Musulmi mai kamun kai kuwa ba ya son a gan shi a can. Na uku shakkar yanka da tsoron naman alade. Na huɗu, tsarin cin kansa baƙo ne: kowa da farantinsa, da wuƙa da cokali mai yatsu, ga mutumin da ya saba wanke hannu ya sa a ƙwarya ɗaya da 'yan'uwansa. Bugu da ƙari, rayuwar waɗannan wurare tana ɗaure da ta masana'antu. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, masaƙu suka shiga durƙushewa, Kaduna Textiles ta rufe a 2002, baƙin ma'aikata suka ragu, sai cinikin ya ja baya. Otal ɗin Durbar ya daɗe a rufe kafin a rushe shi a 2020.

Ƙofar Talakawa

Wanda ke son ganin abincin duniya a Unguwar Kanawa, teburin mai shayi ya kamata ya nufa da safe ko bayan sallar isha'i. In aka bi kayan da ke kan teburin ɗaya bayan ɗaya, za a zaga duniya. Ganyen shayi asalinsa ƙasar Sin, sunansa ya iso Hausa ta bakin Larabawa, shan sa da madara da sukari kuwa ɗabi'ar Ingilishi ce. Madarar gwangwani ta Peak daga Holan ta fara zuwa. Bournvita ta Ingila ce, Milo ta Ostireliya. Kifin gwangwani yawancinsa daga Maroko ake kawo shi. Dunƙulen Maggi sunan wani mutumin Suwizalan ne, farin magi kuwa Japanawa suka ƙirƙiro shi. Burodin ya fara zama sana'a babba a Ikko ta hannun Amos Shackleford, mutumin Jamaika, kafin ya biyo jirgin ƙasa zuwa Arewa. Ita kuwa Indomie, wadda ta zama abincin daren ɗalibai da 'yan acaɓa, ta ƙasar Indunisiya ce. Ta shigo Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka fara yin ta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, daga baya aka kafa masana'antarta a Kaduna.

Me ya sa waɗannan suka karɓu? Domin sun dace da rayuwar mai albashi. Ana haɗa su cikin minti kaɗan, ana sayar da su gwargwadon kuɗin da mutum ke da shi, ko rabin burodi ne mai shayi zai yanka, kuma yana ba da bashi zuwa ƙarshen wata ga wanda ya sani. Babu giya, babu shakkar yanka. Bencinsa ya maye gurbin zaure: a nan ake sauraron rediyo, a yi gardamar siyasa da ƙwallo, a ji inda ake ɗaukar aiki. Akwai kuma wani shayin daban, mai kauri da ɗaci, wanda ake dafawa a 'yar buta kan gawayi. Shi ya yaɗu ne da zuwan Buzaye, waɗanda farin 1973 da 1974 ya raba da dabbobinsu, suka shigo biranen Arewa suna aikin gadi.

Abin lura na biyu shi ne, babu abin da ya shigo ya zauna yadda ya zo. Salak ɗin Bature an zuba masa garin ƙuli-ƙuli da mai da yaji ya koma kwaɗo. Taliyar kanti ana cin ta da manja da yaji kamar taliyar hannu ta gargajiya. Indomie ta sha attaruhu da albasa har mai ita ba zai gane ta ba. Misali mafi kyau shi ne awara. Daskarar da madarar waken suya fasaha ce ta mutanen Sin, wadda ta yaɗu a Nijeriya tun daga ƙarshen shekarun 1980, da taimakon cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Badun. Matan Hausawa suka karɓe ta, suna daskarar da ita da ruwan tsami, su soya, su barbaɗa yaji. Yaron da ke sayen awara a ƙofar makarantar firamare yana cin abincin Sin ne, ko da bai taɓa taka gidan abincin Sin ba.

Shawarma ma ta bi wannan hanya. Abincin ƙasashen Sham ne, sunanta daga Turkanci, ta daɗe a gidajen abincin Kwarori kafin samarin gari su koyi yin ta su fito da ita bakin titi. Jiragen alhazai kuma sun ƙara nasu: masu zuwa Hajji da Umra da fatauci a Jidda da Dubai sun dawo da sha'awar shinkafar Larabawa irin su kabsa da mandi, har aka sami masu dafa su don sayarwa. Ba kuwa karɓa kaɗai Hausawa suka yi ba. Tsire ya zama suya a Ikko da Landan, a Gana kuma shinkafa da wake da tuwon zafi da koko da ƙosai suna nan da sunayensu na Hausa.

Abin da Aka Biya

Wannan sauyi bai zo kyauta ba. Burodi da taliya da Indomie da fanke duk 'ya'yan alkama ne, alkamar kuwa ba ta son zafi, sai da rani ake noma ta a Arewa ta hanyar ban-ruwa. Tun da kamfanin fulawa na Apapa ya fara niƙa a 1962, mafi yawan alkamar da ake ci a Nijeriya daga waje ake sayo ta. An kashe kuɗi masu yawa a ayyukan ban-ruwa na Kadawa da Bakolori da fatan cike giɓin, ba a cike ba. A 1985 Gunilla Andrae da Bjorn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka wallafa littafi a kan wannan matsala, suka kira ta tarkon alkama. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, amma aka janye hanin a 1992, domin mutanen birni sun riga sun saba. Sakamakon haka, kumallon leburan Unguwar Kanawa yana ɗaure da farashin dala. An ga haka a fili a 2022, sa'ad da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin alkama a duniya, burodi ya ƙara kuɗi ya kuma rage girma. A ɗaya gefen, gero da dawa da acca, waɗanda ƙasar ke bayarwa ba tare da wahala ba, sun ja baya a abincin birni, kamar yadda daddawa ta ja baya a gaban dunƙule.

Kogi Ya Raba Akushi

Akwai hasara ta biyu wadda ta fi ta farko ciwo. Rumfar abinci ba ta rayuwa sai da zaman lafiya, domin ba wanda ke cin abincin mutumin da yake tsoro. Kashe-kashen 1966 sun sa Ibo sun bar Kaduna, rumfunansu suka rufe, amma bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 da yawa sun dawo. Rikicin Fabrairu da Mayu na shekarar 2000, da na Nuwamba 2002, sun bar tabon da ya fi wancan daɗewa. Jama'a suka yi ƙaura bisa ga addini, Kiristoci da yawa suka koma kudancin kogi, Musulmi da yawa suka dawo arewacinsa. Unguwannin da dā ake jin harsuna barkatai a cikinsu suka koma kusan iri ɗaya, masu dafa abinci kuma suka bi masu cin abincinsu.

Abin mamaki a nan shi ne, matashin da ya tashi a arewacin Kaduna bayan shekarar 2000 ya fi kakansa sanin abincin Lebanon da Indunisiya, amma mai yiwuwa kakan ya fi shi sanin miyar maƙwabcinsa ɗan Kudancin Kaduna ko ɗan Binuwai. Wuraren da suka rage ana haɗuwa a ci tare su ne kasuwannin bariki, da babbar kasuwa, da tashoshin mota, da makarantu da ofisoshin gwamnati, watau wuraren da aiki ko karatu ke tilasta wa mutane zama tare, kamar yadda aka fara tun farkon kafa garin.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da abubuwa uku. Na farko, cin abinci a waje a Kaduna buƙata ce ta haife shi, buƙatar mutanen da albashi ya raba da gidajensu. Na biyu, abincin baƙi bai zama na gari ba sai da ya yi araha, ya kuɓuta daga shakkar addini, ya kuma karɓi yaji. Na uku, abin da ke cikin kwano yana nuna halin da ƙasa ke ciki, ko ta fuskar dogaro da kayan waje, ko ta fuskar amana tsakanin maƙwabta.

Ga ma'aikatan gwamnati, wannan yana nufin cewa mai shayi da mai tuwo da mai awara suna ciyar da ma'aikatan birni fiye da kowane otal, don haka sun cancanci a tuna da su wajen tsara gari, a ba su wuri da ruwa mai tsabta, a kuma ƙarfafa sarrafa gero da dawa yadda za su yi saurin dahuwa kamar taliya. Ga ɗalibai kuwa, Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa duk suna cikin Kaduna, tsofaffin kukuna da masu tuwo da masu gidajen burodi kuma suna cikin unguwanni, kuma abin da ke bakinsu tarihi ne da ya kamata a rubuta tun suna raye. Hausawa sun ce, zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi. Kaduna ta sami abinci iri-iri daga kowace nahiya, abin da ya rage mata shi ne ta maido da wannan kira tsakanin mutanen da ke zaune a gaɓoɓin kogin nan biyu.